Zulmira da Suturar Kifi

A unguwarmu ta Caxinas, unguwar masunta da ke bakin teku, in ka ga mace cikin baƙaƙen kaya ba ka tambayar wa ya mutu, sunan jirgin kake tambaya. Zulmira ta sa nata da sauran ƙuruciyarta, ba ta kuma cire su ba har kanta ya yi fari fat. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, in tana tafiya sai ka ce ta bar tukunya a wuta. Magana ba ta dame ta ba, fara'a ma kaɗan-kaɗan take fitar da ita. Amma duk wadda ta taɓa aiki a masana'antar kifin gwangwani ta bakin kogi za ta gaya maka ba a yi mai jera sadin irinta ba. Har Graciete ta yarda da haka, ita da ba ta yabon kowa sai in ya mutu.

Tana 'yar shekara goma sha uku uwarta ta kama hannunta ta kai ta aiki. A wancan zamanin agogo ba shi da iko da mata, jiniya ce mai iko. Kowace masana'anta da irin kukan jiniyarta, kowace mace kuma ta san tata kamar yadda take gane kukan ɗanta cikin na maƙwabta. Da kifi ya sauka a tashar jiragen ruwa sai ka ji ta ɗauka, sai ga mata suna ɓullowa daga lunguna, wata da kumfar sabulu har gwiwar hannu, wata da jariri a kafaɗa, wata tana tauna guntun burodin masara, takalman katako suna ƙwas-ƙwas a kan duwatsun titi. Kai, an yi zamani! Ƙarni kuwa ba a magana, sai dai gwano ba ya jin warin jikinsa. 'Yan matan cikin gari ne ke toshe hanci in an haɗu a mota, namu kuwa su ƙara matsawa kusa da su don tsokana.

Aikin ba na raggo ba ne. Ana tsayawa ne a gaban dogayen teburan dutse, a cire kai da hanji da almakashi a fizga ɗaya, a tsoma kifin cikin ruwan gishiri mai sanyin da ke ratsa ƙashi, a jera shi a ragar ƙarfe a turara. Daga nan ya zo teburin jeri, inda ake datse wutsiya a kwantar da shi cikin gwangwani, tumbinsa mai ƙyallin azurfa yana kallon sama, a zuba man zaitun, a rufe. Da rana ta karkata sai uwar aiki, wata doguwar mata mai muryar maza, ta ciro carbi daga aljihu ta ja baki da addu'ar Maryamu, ɗakin duka ya amsa, almakasai suna bin sautin.

Graciete, wadda ke tsaye a hagun Zulmira tun suna yara, takan matso ta ce ƙasa-ƙasa, "Ke kin ɗauka don Allah suke sa mu? Don kada mu yi gulmar mai kamfani ne. Sun san baki ɗaya ba ya addu'a da zagi lokaci guda."

"Naki yana yi," in ji Zulmira.

"Ai ni baiwa ce."

Gaskiyar magana, a lokacin ita ma Zulmira da leɓe kawai take amshin. Hankalinta yana bakin ƙofa, inda Amadeu ke jingina da bango in jirginsu ya dawo da wuri. Masunci ne, siriri, mai wushirya, ba ya iya wuce kare a titi bai yi masa magana ba. In ta fito sai ya rufe ido ya ɗaga hanci ya ce, "Wannan ƙarnin na gidana ne, ko cikin dubu zan gane shi." Ta kai masa duka da ɗankwali, ya kauce. Suka yi aure, suka haifi 'ya mace, Odete. Ɗakinsu ƙarami ne, amma da dariya a ciki.

Wata safiya ta hunturu, a bakin mashigar tasha, mata suna tsaye a gaɓa suna kallo da idanunsu, igiyar ruwa ta ɗaga jirgin su Amadeu ta kifar. Wanda bai ji kukan da aka yi a gaɓar nan ba, Allah ya sa kada ya ji. A kwanakin da suka biyo teku ta riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kowace mace ta karɓi nata ta wanke shi ta sa masa kayansa na zuwa coci. Zulmira ta goge kwat ɗin da Amadeu ya sa ranar aurensu, ta ciro farin zanen gado daga ƙasan akwati, ta ajiye. Kullum da safe ta bi gaɓa tana duba inda ruwa ke zubar da ciyawarsa. Hunturu ya wuce, ba a ga ko takalminsa ba.

Fada, limamin cocinmu, ya yi masa addu'a a coci ba gawa. Mutane suka yi ta cewa ta yi haƙuri, mutuwa rigar kowa ce. Ita kuwa ba mutuwar ce ke cin ta ba, ai 'yar masunci ce, ta san da wa ta yi aure. Abin da ya tsaya mata a maƙoshi shi ne ba ta wanke shi ba, ba ta rufe masa ido ba, ba ta miƙe masa ƙafafu ba. Yana can ruwa yana juya shi yadda ya ga dama, shi da ko bargo ya zame masa sai ya farka. Ta yi fushi da Allah, fushi na gaske. Ta koma aiki don Odete sai ta ci abinci, amma in uwar aiki ta ja baki, Zulmira takan datse haƙora ta yi gum.

Ana nan, wata rana a teburin jeri ta ɗauko kifi daga raga, da ɗuminsa, sai ta tsaya tana kallonsa a tafin hannu. Daga ruwan nan fa ya fito, ruwan da Amadeu yake ciki. An wanke shi tas. Ta miƙe shi, ta kwantar da shi a gwangwani a hankali, sai ta ji bakinta ya motsa da kansa: "Ka iso tudu, kwanta ka huta." Ta ɗauko na biyu ta kwantar a gefensa don kada ya ji kaɗaici. Ta bi gwangwanin da ido har aka zuba masa mai, aka rufe. Wani abu da ya ƙulle a ƙirjinta tun ranar gaɓa ya ɗan sassauta, ta ja numfashi har ƙasa. Ta jawo wani gwangwanin.

Tun daga ranar haka take yi. A wanke, a miƙe, a shafe da mai, a rufe: duk abin da aka hana ta yi wa mijinta tana yin sa daga safe zuwa yamma, ana kuma biyan ta. Ta nan ta shirya da Ubangiji, ba ta bakin fada ba. Ba ta gaya wa kowa ba, don a ganinta magana ce tsakaninta da Allah da Amadeu, mutum na huɗu ba shi da wuri. Abu ɗaya kawai ya bayyana a fili: ba a ƙara buɗe gwangwanin sadin a gidanta ba. In Odete ta tambaya sai ta ce ta gaji da ganinsu, ta zuba mata miyar kabeji.

To, mai irin wannan aikin a zuciya ina za ta yi latti? Kafin jiniya ta rufe baki ta iso. Ba ita ce ta fi kowa sauri ba, amma ba ta taɓa yage fatar kifi ba, ba a kuma taɓa dawo da gwangwaninta ba. In kifi ya zo a fashe ba ta jefa shi kwandon rara kamar sauran mata, ajiye shi take yi.

"Wai ke hira kike da su?" in ji Graciete, don ta ga leɓen yana motsi. "Suna amsa miki?"

"Sun fi ki hankali. Ba sa katse ni."

"Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa."

Shekaru suka yi ta tafiya. Masana'antu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, jiniyoyi suka yi shiru, aka mai da wasu gidajen haya wasu kuma tantabaru suka gaje su. Uwar aiki ta mutu da carbinta, aka kafa rediyo a bango. Takalman katako suka ba na roba wuri, aka ce kowa ta rufe gashinta da hular raga. Odete ta yi aure ta tafi Faransa. Ta bakin kogi dai ta tsira da ƙyar, har ta kai hannun jikan mai ita, wani saurayi Telmo da ya yi karatu a birnin Porto.

Kada a zalunce shi, yaron kirki ne. Ya san sunan kowace mata da na 'ya'yanta, abin da kakansa bai taɓa damuwa da shi ba. Ya zo da aƙidar cewa ma'aikacin da ke son aikinsa ya fi goma da ake kora da tsawa. Yakan tara su a ɗakin cin abinci ya tambaye su me ke sa mutum ya tashi da safe yana ɗokin zuwa aiki.

"Ƙarshen wata, ranka ya daɗe," in ji Graciete, aka kwashe da dariya har da shi.

Ya juya wajen Zulmira. "Inna Zulmira, ke fa? Ke ce ya kamata ki koya mana."

Ta kalli hannunta ta ce, "Sabo ne kawai."

Bai yarda ba, amma bai matsa ba. Yakan ce da ya san abin da ke tuƙa Inna Zulmira da ya zuba shi a gwangwani ya sayar.

Hannun nan kuwa da take kallo ya fara gajiya. Sanyin ruwan gishiri na shekara da shekaru ya taru a gaɓoɓin yatsunta, suka kumbura, da safe sai ta cusa su a hammata kafin su yarda su buɗe. Wata rana Telmo ya gan ta a bayan ƙofa tana fama da igiyar rigar aikinta, ta kasa kwancewa, har sai da ta sa haƙori. Abin ya tsaya masa a rai. Ya sa likita ya duba ta, likita ya ce in ba ta rabu da sanyi da jiƙa ba hannun zai tafi.

A lokacin ya buɗe wani ɗan shago a gaban masana'anta don baƙi masu yawon buɗe ido, inda ake naɗe gwangwanaye da takarda mai launi. Wuri busasshe, da ɗumi, da kujera mai matashi. Ya tara mata duka, ya kira Zulmira gaba, ya ce babu wadda ta cancanci wannan wurin kamarta.

"Inna, daga yau kin huta da ruwan gishiri."

Aka yi tafi, wasu har da hawaye. Me za ta ce? Mutum ya yi maka alheri a gaban jama'a, ba ka da abin faɗa sai godiya. Ta ce ta gode, Allah ya saka. Ta ɗauki almakashinta daga teburin jeri ta sa a aljihu, ta bi shi zuwa shagon.

Gwangwanayen kan zo mata a rufe. Ranar farko ta ɗauki ɗaya ta riƙe, ta buɗe baki za ta faɗi kalmominta, suka ƙi fitowa. Me za ta ce wa ƙarfe? An riga an gama komai a can ciki, da rediyo a kunne, ba wanda ya yi musu magana. Ta naɗe shi da takarda ja, ta ajiye, ta ɗauki wani. Ta gilashin da ya raba shagon da ɗakin aiki tana hango wata yarinya a wurinta, tana jefa kifi tana tauna cingam.

Ba a yi nisa ba abin ya fara nunawa, ai labarin zuciya a tambayi fuska. Zulmira da ba ta taɓa latti ba ta fara zuwa rana ta ɗaga. Naɗinta ya koma karkatacce, gam a nan, yagewa a can. Wata baƙuwa ta ce ta ɗan yi murmushi za ta ɗauke ta hoto, Zulmira ta ce ita ba biri ba ce, da harshen da ko ba ka jin sa ka gane. Ta daina zuwa coci ranar Lahadi. Baƙar rigarta ta yi mata yawa. Telmo ya rasa inda zai sa kansa: ya canza kujera, ya sayo na'urar ɗumama ɗaki, ya rage mata lokacin aiki. Duk abin da ya ƙara sai ta ƙara yanƙwanewa. Daga ƙarshe ya same ta cikin ladabi ya ce ko lokacin hutu ne ya yi gaba ɗaya, ta yi tunani, ta ba shi amsa ranar Litinin. Ta ce to. Ta san in ta fita ƙofar nan da sunan ritaya, ita da teburin jeri har abada.

Ranar Juma'a da tsakar rana Graciete ta same ta zaune a kan katangar bakin teku, kwanon miya a cinya, ko cokali ba ta tsoma ba. Ta zauna daɓas a gefenta.

"Ke, me ke cin ki?"

"Babu."

"Babun ce ta mai da ke kamar busasshen kifi? An ba ki kujerar da kowa ke mafarki, ni da za a ba ni da har barci zan riƙa yi a kai. Kin zauna kina ɓata wa yaro takarda." Ta sauke murya. "Na gan ki jiya da safe a gaɓa, kina bin ciyawar ruwa da ido. Rabon da in gan ki haka tun shekarar Amadeu. Kada ki ce min babu, Zulmira, ni ba baƙuwar hoto ba ce."

Zulmira ta daɗe tana kallon ruwa. Sannan ta faɗa, daga kwat ɗin da ke rataye har yau zuwa kalmomin da take gaya wa kifi. Ba ta yi kuka ba, ta faɗe shi ne kamar mai ba da labarin wata. Ta ƙare da cewa, "Tunda aka ɗauke ni daga wurin, ji nake ya koma ruwa."

Graciete, mai bakin da ba ya mutuwa, ta sunkuyar da kai. Ita ma ubanta teku ba ta dawo da shi ba, tana ƙarama, kuma ba ta taɓa ɗaga zancen ba. Can sai ta ce, "Wato duk shekarun nan ina gefenki kina yi wa mutum sutura, ni kuma ina cika miki kunne da wa ta yi ciki wa ta gudu."

"Yana jin daɗin gulmar. Kin san shi."

Graciete ta fyace hanci da gefen rigarta ta miƙe. "Tashi mu je wajen yaron nan."

"Allah ya kiyaye. Ya ce tsohuwa ta zare?"

"To zaɓi ɗaya. Ko ya ji daga bakinki, ko ranar Litinin ki koma gida ki zauna da bango. Ni dai ba zan faɗa masa a madadinki ba, sirrin naki ne."

Wallahi ranar da ta bi gaɓa ba ta yi mata nauyin 'yan matakalar ofishin nan ba. Abin da ta ɓoye wa fada, ta ɓoye wa 'yar cikinta, yau za ta zube shi a gaban yaron da ta san ranar da aka haife shi. Graciete ta raka ta har ƙofa ta tsaya a waje. Telmo ya miƙe ya ja mata kujera, ta ƙi zama. A tsaye ta faɗa, idonta a kan taga. Ya saurara har ƙarshe, bai yi dariya ba, bai kuma yi mata irin kallon tausayin da take tsoro ba.

"Inna, ni fa don ki huta na yi."

"Na sani, ɗana. Ba ka yi laifi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Ya shafa kansa. "Kin ji abin da likita ya ce. In kin koma ruwan nan, nan da 'yan shekaru ko maɓallin rigarki ba za ki iya sawa ba. Ba tsoratarwa ba ce, haka zai faru."

"Na ji shi. Hannuna ne."

"Ni ba mai addu'a ba ne, Inna. Ban san abubuwan nan ba."

"Ban ce ka yi ba. Cewa na yi ka bar ni in yi."

Ya daɗe yana juya alƙalami a yatsa. Ta ga yana auna hannunta da abin da ta gaya masa, ta kuma ga ba ya son ko wanne ya faɗi ta dalilinsa. Can ya ce da safe kawai, kuma da safar hannu. Ta ce ta yarda. Su biyun sun san safar ba za ta wuce juya bayansa ba.

Ranar Litinin ta riga mai gadi isowa. Ta tsaya a tsohon wurinta, ta ciro almakashinta daga aljihu. Da aka kawo ragar farko ta ɗauki kifi, tana tsoron ko kalmomin sun yi fushi sun tafi. Ta miƙe shi ta kwantar, sai ga su sun zo da kansu kamar ba su taɓa zuwa ko'ina ba. Tana kan gwangwani na biyu ta ji wani ƙus-ƙus daga hagunta, ƙarƙashin waƙar rediyo.

"Me kika ce?"

"Da ke nake?" in ji Graciete, ba ta ɗago ba. "Yi aikinki."

Telmo ya riƙe amana, ko a tarukansa na ɗakin cin abinci bai taɓa kawo zancen ba, ya ma daina cewa zai zuba sirrinta a gwangwani. Ta samu 'yan shekarunta a teburin, ta koma coci, rigarta ta sake cika. Hannun kuma ya tafi kamar yadda likita ya faɗa, bai yi ƙarya ba. Ranar da kifi ya suɓuce mata fatarsa ta yage, ba ta jira kowa ya ce mata komai ba. Ta wanke almakashinta ta miƙa wa Graciete, ta tafi gida.

Yanzu in ka bi lungunsu da hantsi za ka gan ta zaune a bakin ƙofa, hannuwanta a cinya sun nannaɗe kamar citta. Maƙwabciya ce ke sa mata maɓalli, carbi ma ba ta iya ja. In Odete ta bugo waya daga Faransa sai ta yi ta faɗa, wai kamfanin nan ya cinye wa uwarta hannu. Zulmira takan ce, "Ba kamfani na ba wa ba," ta canza zance. Ba ta taɓa nadama ba. Abin da ke damun ta ɗaya ne: tunda Graciete ma ta ajiye aiki, wa ke yi musu magana? Takan kalli wajen kogi ta yi tunanin kifin da ke shiga gwangwani shiru.

Wata Asabar sai ga Graciete tana dogara sanda, da burodin masara a hammata. Ta zauna tana nishi tana zagin gwiwoyinta, ta ciro wani abu daga jaka ta ɗora a kan benci tsakaninsu. Gwangwanin sadin ne, ba takarda.

"Ke, ba a buɗe wannan a gidana. Kin sani."

"A waje muke," in ji Graciete, ta ja murfin.

Zulmira ta kau da kai, amma ido ba ya jin magana. Ga su kwance a miƙe, gefe da gefe, azurfarsu tana kallon sama cikin mai, babu fatar da ta yage ko kaɗan. Wannan ba jerin mai gaggawa ba ne, ta san shi kamar yadda ta san tafin hannunta.

"Wa ya jera?"

"Kin tuna mai cingam ɗin nan da ta karɓi wurinki? Ita ce. Yanzu har da ƙarfe a hanci, ƙofar coci ma ban ce ta san ta ba. Jiya na je na tsaya a kanta ta jera, na bi shi har aka rufe." Graciete ta gyara zama. "Kafin in ajiye aiki na koya mata kalmomin. Kada ki harare ni, ban faɗi sunanki ba. Yanzu duk matan teburin jeri suna faɗa."

Zulmira ta ce, "Wa take kwantarwa?"

"Ban tambaye ta ba. A garin nan wa ba shi da nasa?"

Zulmira ta daɗe tana kallon gwangwanin. Ta ɗaga nannaɗaɗɗen hannunta ta ɗora a gefensa, leɓenta ya motsa. Graciete ta yi kamar ba ta gani ba, ta gutsuro burodi, ta ɗora kifi ɗaya a kai, man yana bin yatsunta.

"Me kike yi?"

"Me ake yi da sadin? Shekara nawa kina rufewa, kin ɗauka can inda ake kai su binne su ake yi? Mutane ne masu yunwa ke buɗewa, su ci, su tashi su tafi aiki. Buɗe bakinki."

Zulmira ta yi wata 'yar dariya da ta fito tare da kuka. "Wallahi na manta ci ake yi."

Hannunta ba zai iya riƙewa ba, don haka Graciete ce ta kai mata baki. Ta tauna a hankali, hawaye yana gangarowa har gefen leɓenta, ba ta share ba.

"Yaya?" in ji Graciete.

"Gishirin ya yi daidai," in ji Zulmira. "Ƙaro min."